Katina yana Fagge, gonata tana Garun Malam

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Garun Malam a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga yake bi ta magudanai ya shiga gonakin Kadawa, kuma a nan nake noman tumatur da alkama da rani, in yi shinkafa da damina. Amma tun daga 2011 har zuwa zaɓen 2023, duk wanda ya karɓi katin zaɓena ya duba zai ga rumfata tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, a tsakiyar birnin Kano. A zaɓuka huɗu na tarayya na sa hannu wajen tura wakilin Fagge zuwa majalisar wakilai a Abuja, alhali ban taɓa dangwala wa wakilin mazaɓar da aka binne cibiyata ba, wato mazaɓar Kura da Madobi da Garun Malam. Na rubuta wannan labari ne saboda na san ba ni kaɗai ba ne, akwai irina da yawa a ƙauyukanmu, kuma ba kasafai ake maganarmu ba idan ana sharhin sakamakon zaɓen birni.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan PRP ne na gani-kashe-ni. Ya zaɓi mabuɗi, alamar jam'iyyar, a 1979, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ambaton Malam Aminu Kano ba, bai kuma daina tuna mana cewa gwamnatin Abubakar Rimi ce ta soke haraji da jangali a jihar Kano ba. Shi a wurinsa ƙuri'a ba abin wasa ba ce, domin ya ga yadda ta ɗauke masa nauyin da yake sa shi sayar da damin dawa kowace shekara tun kafin ta bushe. A wannan gida na tashi, saboda haka tun ban isa zaɓe ba nake jin cewa rashin yinsa abin kunya ne.

Da na zama saurayi, gonar gado ta yi mana kaɗan, sai na bi sahun 'yan ci-rani zuwa birni. Wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, na fara da dakon dilolin atamfa da shadda daga sito zuwa bakin mota, daga baya da ya ga amanata ya mayar da ni yaron shago. A soron gidansa da ke Fagge muke kwana, mu da yawa, wasu daga Sumaila, wasu daga Ringim da Gumel, wasu ma daga Damagaram. Ci-ranin da na zo yi na wata uku ya zama zama na shekaru, sai dai in leƙa gida da salla ko idan aka yi rasuwa.

A farkon 2011 hukumar zaɓe ta buɗe sabuwar rajista a duk faɗin ƙasa, aka zo da kwamfutoci masu ɗaukar hoto da zanen yatsu. Maigidana ya tara mu da daddare ya ce, “Yarana, kowa ya je makarantar firamaren nan ya yi rajista, kada wanda ya ce mini sai ya je ƙauye, kasuwa ba za ta jira ku ba.” Ba wanda ya ga aibun maganar, domin a Fagge muke kwana, a Fagge muke tashi, kuma doka ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune ko inda yake aiki. Haka sunana ya shiga kundin masu zaɓe na birni. A zaɓen wannan shekarar ne Aminu Sulaiman Goro ya fara zuwa majalisar wakilai daga Fagge, kuma ya riƙe kujerar har zango uku.

A lokacin hankalinmu duka yana kan kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna. Takardar ɗan majalisa kuwa yawancinmu alamar jam'iyya kawai muke nema a kanta. A 2015, shekarar da aka fara amfani da na'urar tantance kati, kalmar da ta cika kasuwa ita ce sak, wato tsintsiya daga sama har ƙasa, kuma Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari tara a jihar Kano kaɗai. Masu cewa a yi wake da shinkafa, a duba cancantar kowane ɗan takara ba tare da la'akari da jam'iyyarsa ba, muryarsu ba ta fita ba a wannan shekara. Na ga mutanen da suka dangwala wa sanata da ɗan majalisa ba su san ko sunansu ba, kuma ba na zarginsu, domin guguwa ce ta ɗebe kowa.

Bayan rasuwar mahaifina na dawo gida na karɓi gona da ɗawainiyar iyali. Kati dai yana aljihuna, amma rumfa ta zauna a inda take. A 2019 na shiga mota ranar Juma'a na tafi Fagge domin zaɓen Asabar 16 ga Fabrairu, sai da asuba muka ji a rediyo cewa an ɗage shi zuwa 23 ga wata. Da yawa daga cikin waɗanda muka kwana tare a soro sun koma garuruwansu ba su sake dawowa ba, saboda kuɗin mota sau biyu ya fi ƙarfinsu, ga kuma ban-ruwan da ba ya jira. Ni na dawo, domin tarbiyyar gidanmu ba ta bar ni in zauna ba. An sake buɗe damar sauya rumfa kafin zaɓen 2023, aka rufe ta a ƙarshen Yulin 2022, daidai lokacin da manomin shinkafa ba ya da sukunin ɗaga kai daga dashe da cirar ciyawa, kuma a zuciyata ma ban shirya rabuwa da Fagge ba tukuna.

Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 shi ne wanda ba zan manta ba, kuma wahalarsa ta fara tun kafin ranar. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin suka daina karɓuwa, sababbin kuma ba su wadata ba, ga ƙarancin man fetur a kan haka. Wannan ya faɗo ne a tsakiyar kakar tumatur. A kasuwar Kwanar Gafan na ga kwanduna jere a rana, ruwansu yana tsiyaya ta ƙasa, dillalai suna cewa sai dai a tura kuɗi ta waya, manomi kuma da yawa ba shi da asusun banki, wanda yake da shi ma sai ya ba mai POS kaso mai tsoka kafin ya riƙe tsabar kuɗi a hannunsa. Masu tsinka ba sa karɓar alkawari, mai amalanke ma haka. Mutane sun shiga zaɓen nan da ciwo a rai, kuma duk wanda yake son fahimtar sakamakon Kano na wannan shekara to ya sa wannan a lissafinsa.

Ranar Juma'a wani direban motar tumatur ya rage mini hanya a kan titin Zariya har zuwa Na'ibawa, daga nan na ƙarasa Fagge kafin a hana zirga-zirga. Maigidana ya tsufa, 'ya'yansa ne suke riƙe da shago, amma soron yana nan, kuma na tarar da tsofaffin abokan dako da suka zo daga garuruwansu saboda abin da ya kawo ni.

Rumfarmu tana harabar makarantar da muka yi rajista. Shugabar rumfar wata yarinya ce mai yi wa ƙasa hidima, 'yar kudu, Hausarta ba ta nuna ba, amma ta san aikinta. Ta ɗaga akwatuna uku ta kife su a gaban jama'a domin kowa ya ga babu komai a ciki, mai jan murfi na shugaban ƙasa, mai baƙi na sanata, mai kore na ɗan majalisar wakilai. Sabuwar na'urar BVAS tana tantance mutum da yatsa ko da fuska. Yatsuna na manomi ne, kaikayin taki da ƙotar fartanya sun cinye zanensu, na ɗora babban yatsa na'ura ta ƙi, na goge shi a jikin riga na sake ɗorawa ta ƙi, sai yarinyar ta ce, “Baba, ɗago kai,” ta ɗauki fuskata, nan take sunana ya fito. Aka ba ni takardu uku masu hatimi da sa hannu a bayansu, aka shafa mini tawada a gefen farce.

Ban tafi ba bayan na jefa, domin a wannan karon na ƙudura sai na ga ƙirga da idona. Bayan la'asar aka zazzage akwatuna a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, aka ware takardu jam'iyya-jam'iyya, kwandon kayan marmari a nan, tsintsiya a nan, lema a can, sannan alamar uba da uwa da ɗa ta jam'iyyar LP. Shugabar rumfa tana ɗaga kowace takarda sama, jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya, har yaran da ba su isa zaɓe ba suna leƙe ta kan katanga suna taya mu. Da aka zo kan wata takarda da tawada ta faɗa a kan layin da ke tsakanin jam'iyyu biyu, sai wakilan jam'iyyun suka taso, kowa yana rantsuwa tasa ce, har sai da wani dattijo mai unguwa ya ce, “Ku bar yarinyar nan ta yi hukuncin da aka koya mata,” aka ajiye ta cikin lalatattu. Magariba ta yi ba a gama ba, aka kunna fitilun waya a kan tebur. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka buɗe akwati mai koren murfi, tarin takardun bai yi daidai da na akwatin shugaban ƙasa ba. Mutanen Fagge sun rarrabe, wani ya ba wannan jam'iyya a sama ya ba wata a ƙasa, domin sun san 'yan takarar, sun san gidajensu, sun san wanda ya zo ta'aziyya da wanda ya samar wa ɗan unguwa gurbin karatu ko aiki. Ni kuwa da na zo daga nesa, abin da na ji a soro daren jiya da shi na yi aiki. Aka rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilai suka sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, aka manna ɗaya a bango, aka ɗauki hotonta da na'ura, sannan aka wuce da kaya cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.

Sakamakon shugaban ƙasa a jihar Kano kowa ya san shi. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu 997,279, Bola Ahmed Tinubu na APC ya samu 517,341, Atiku Abubakar na PDP ya samu 131,716, Peter Obi na LP kuma 28,513, sannan a ranar 1 ga Maris aka bayyana Tinubu a matsayin wanda ya lashe zaɓen ƙasa baki ɗaya. A majalisar wakilai, inda Kano take da kujeru 24 cikin 360, NNPP ta kwashe mafi yawa, kuma a cikin birni ta yi ƙarfi sosai: Sagir Ibrahim Koki ya ci mazaɓar Birni da Kewaye, Aliyu Sani Madakin Gini ya ci Dala. Fagge kuwa ba ta kammalu a ranar ba. An soke wasu rumfuna, kuma ƙa'ida ita ce idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu kati a rumfunan da aka soke ba, ba za a bayyana wanda ya ci ba sai an sake zaɓe a wuraren. Mutanen Kano sun san inkonkulusib tun zaɓen gwamna na 2019, saboda haka ba wanda ya buƙaci dogon bayani. Aka ƙarasa zaɓen ranar 15 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi, Barista Muhammad Bello Shehu na NNPP ya yi nasara, mai riƙe da kujerar ya faɗi. Ɗan takarar LP ya taka rawar da mutanen ƙauyenmu suka yi mamaki, amma wanda ya zauna a Fagge ba zai yi mamaki ba, domin Sabon Gari tana cikin wannan mazaɓa, kuma ƙuri'ar mazaunanta daidai take da ta mutanen Kwaciri da Rijiyar Lemo. Rumfata ba ta cikin waɗanda aka sake, a masussukar alkama na ji sakamakon ta rediyo.

A kujerun majalisa, ta sanata ita kaɗai ce ta haɗa katina da gonata, domin Kano ta Tsakiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi 15, da Fagge da Garun Malam duk suna ciki. A nan ma an yi abin da ya sa talaka tunani. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP tun a watan Agustan 2022, amma sunansa ne ya rage a takardun hukumar zaɓe, shi aka fara bayyanawa a matsayin wanda ya ci, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Rufa'i Sani Hanga a matsayin ɗan takarar jam'iyyar sannan ya karɓi shaidar cin zaɓe. A takardar ƙuri'a babu sunan mutum, alamar jam'iyya ce kawai, don haka dubban mutane sun dangwala ba su da tabbacin wanda zai zauna a kujerar. A Kano ta Kudu Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya, a Kano ta Arewa kuma Barau Jibrin ya riƙe kujerarsa, daga baya ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa.

Akwai wani lissafi da ya fi duk waɗannan damuna. Masu rajista a jihar Kano sun haura miliyan biyar da dubu ɗari tara a 2023, amma ƙuri'un da aka jefa ba su kai miliyan biyu ba. Ana cewa mutane sun gaji da siyasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni na san wasu daga cikin waɗanda ba su fito ba, sunayensu suna manne a bangon makarantar Fagge, su kuma suna bakin rijiya a Jahun ko suna gadin gonar albasa a Ɓunkure, ba su da kuɗin mota a makon da tsabar kuɗi ta ɓace. Ba ƙin zaɓe suka yi ba. Katinsu yana wani gari, su suna wani.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne bayan zaɓe, a taron ƙungiyarmu ta masu noman rani. Muna tattauna yadda ciyawar kacalla da yashi suke toshe ƙananan magudanai, har ruwa ya kasa kaiwa gonakin da ke can ƙarshe, da kuma tsutsar nan da muke kira sharon wadda ta taɓa cinye mana tumatur a 2016. Wani malamin makaranta ɗan ƙungiya ya yi mana bayanin cewa aikin ban-ruwan Kadawa yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, ita kuwa ta gwamnatin tarayya ce, kasafin kuɗinta sai ya bi ta majalisar tarayya kafin ya zama doka, kuma a nan ne wakilai suke cusa ayyukan mazaɓunsu. Aka ce to a haɗa tawaga ta je ta ga wakilinmu, aka ambaci sunana a ciki saboda na san birni. Sai kawuna, ƙanen mahaifina, wanda shi ne dattijon taron, ya dube ni ya ce, “Ɗana, idan kun je aka tambaye ka rumfarka, wacce za ka ambata?” Daga nan ya sa kowa ya fito da katinsa, sai ga shi a cikin matasa da masu matsakaicin shekaru waɗanda suka taɓa ci-rani, da yawa katinsu na Fagge ne ko Nasarawa ko Dala, wasu ma na Legas da Abuja.

Kawu bai yi karatun boko ba, amma ya daɗe yana kallon 'yan siyasa. Ya ce kowane ɗan takara yana da kwafin sakamakon kowace rumfa, kuma da shi yake auna inda zai kai rijiyar burtsatse da inda zai wuce ba tare da ya sauke gilashin mota ba. Garin da yake da gidaje da yawa amma rumfarsa tana fitar da ƙuri'a kaɗan, a idonsu ƙaramin gari ne. Na tuna yadda wakilan jam'iyyu suka riƙa ninke kwafinsu suna sawa a aljihun gaba a daren ƙirga, na san gaskiya ya faɗa.

Ban yanke hukunci nan take ba, domin Fagge tana da haƙƙi a kaina. A can na samu jarin da na sayi injin ban-ruwa, a can na yi kuɗin aurena, kuma har gobe idan gobara ta tashi a Kwari ko aka yi ambaliya a layukanta sai na kasa barci. Akwai kuma 'yan garinmu da suke zaune a birni shekara da shekaru amma suke dawowa gida zaɓe, su ma suna zaɓar wakilin da ba ya wakiltar inda suke kwana, kuma ban ga wanda yake tsangwamarsu ba. Amma a ganina mutum ya fi cancanta ya yi zaɓe a inda zai iya bin sawun abin da ya zaɓa, inda zai ga ko an yashe magudana ko ba a yashe ba, inda ya san ɗan takara tun kafin a buga fastarsa. A Fagge na zama baƙo mai zuwa sau ɗaya a shekara huɗu, ina yanke wa mutanen unguwa hukunci a kan abin da su ne za su zauna da shi.

Da aka sake buɗe rajista a 2025 na je na nemi a mayar da rumfata ƙauyenmu, tare da wasu daga cikin 'yan ƙungiya. Kafin nan sai da na je na gaida maigidana na faɗa masa, domin da umarninsa na yi ta farko. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ai dama aro muka yi, ka gaida Kawunka.” Wasu abokanmu sun ce su ba za su sauya ba, saboda har yanzu rabin shekararsu a birni suke yi, kuma ba mu matsa musu ba.

Yanzu ƙungiya ta ba malamin makarantar nan aikin kwafe sakamakon rumfunan garinmu na kowane zaɓe a littafi, domin mu ma mu riƙa sanin nauyinmu kafin a faɗa mana. Mun kuma amince cewa duk ɗan takarar majalisar wakilai da ya zo neman ƙuri'armu a 2027, daga kowace jam'iyya yake, ba za mu tarbe shi a ƙofar gidan dagaci kaɗai ba, sai mun taka da shi a ƙafa har ƙarshen magudanar da ruwa ba ya kaiwa, ya faɗa mana a gaban masu gonakin abin da zai nema mata a kasafin kuɗi da kuma shekarar da zai nema.